Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Magajin Garin New York kan gidan Gracie

Mai girma Magajin Gari, Malam Zohran Mamdani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da iyaye, ina yi maka murnar wannan kujera da Allah ya ba ka, tare da addu'ar ya taya ka riƙo. Mai rubuto maka wannan takarda ɗaya ne daga cikin Hausawan Bronx, mutanen da suka taso daga Kano da Damagaram da Maraɗi da zangunan Kumasi da Accra, suka zo suna tuƙin tasi, da gadi, da jinyar tsofaffi a gidajensu, da kai abinci a kan keke cikin sanyin Janairu. A shekaru na girme ka nesa ba kusa ba, a muƙami kuwa kai ne babba. Don haka zan yi magana da ladabi, amma ba zan ɓoye abin da ke raina ba.

Maganar gida ce ta kawo ni. Da ka sanar cewa za ka bar ɗakin hayarka na Astoria ka tare a gidan Gracie, gidan da birni ya tanada wa magajin gari, saboda tsaron iyalinka, wasu sun yi ta gunaguni, wai mai kare 'yan haya ya koma gidan manya. Ba na cikinsu. Wanda ya ga irin maganganun da aka riƙa jifan ka da su lokacin yaƙin neman zaɓe saboda addininka ba zai ce ka ci gaba da kwana a inda kowa zai iya tsayawa a ƙofarka ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, tarewar nan ba ta fitar da kai daga sahun 'yan haya ba. Gidan na birni ne tun 1896, doka kuma ba ta yarda ka wuce zango biyu a jere ba, wato shekara 8 in Allah ya kai mu. Masu gidan su ne mu, mutum sama da miliyan 8. To, masu gida suna da abin faɗa, kuma kafin in faɗe shi bari in tuna maka yadda gidan ya zo hannunmu.

Tudun da yake kai, a bakin kogin East River inda titi na 88 ya ƙare, ƙasar mutanen Lenape ce kafin Turawa su iso. A 1770 wani attajiri mai goyon bayan sarkin Ingila, Jacob Walton, ya gina gida a wurin. Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke, sojojin George Washington suka karɓe shi suka mayar da shi sansani, domin daga nan ana hango duk jirgin da zai ratsa mashigin nan mai ruwa mai ƙarfi da ake kira Hell Gate. A watan Satumba na 1776 igwogin Birtaniya suka ragargaza shi. A kan wannan kufai Archibald Gracie ya gina nasa a 1799: gidan katako, hawa biyu, baranda tana kallon ruwa. A lokacin birnin yana can kudu, tafiyar kamar mil 5, nan kuwa ƙauye ne da masu kuɗi ke gudowa da bazara don kauce wa zafi da annobar shawara.

Wannan shekara ta 1799 ita nake so mu tsaya a kanta, domin a cikinta ne majalisar jihar New York ta yi dokar kawar da bauta a hankali. Dubi yadda dokar take. Duk wanda yake bawa ranar da aka sa mata hannu, bawa zai ci gaba da zama. 'Ya'yan da kuyangi za su haifa bayan 4 ga Yuli na shekarar ne aka kira 'yantattu, su ma da sharaɗin za su yi wa ubangidan uwarsu aiki, namiji har ya cika shekara 28, mace 25. Bauta ba ta ƙare baki ɗaya a jihar ba sai 4 ga Yuli, 1827, shekara 4 bayan Gracie ya rabu da gidan. Ke nan duk zaman da iyalinsa suka yi a can, a garin da ake riƙe mutane a matsayin dukiya suka yi shi.

Shi kansa Gracie an haife shi a Dumfries ta Scotland a 1755, ya zo Amurka a 1784, ya yi shekaru a Petersburg ta jihar Virginia yana fataucin taba kafin ya dawo New York ya zama babban mai jiragen ruwa. Ba sai an tambaya ba wa ke noma tabar Virginia a wancan zamani. A gidansa ma akwai bayi, ko da yake daga baya ya 'yanta su, kuma wannan ya cancanci a faɗa kamar yadda na farkon ya cancanta. Haka manyan garin suke a lokacin, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Ƙungiyar 'yanta bayi da aka kafa a 1785, wadda abokin Gracie, Alexander Hamilton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, yake cikinta, shugabanta na farko John Jay da bayinsa a gida yake jagorantar taro. Tarihi kuma bai gama da zuriyar Gracie a nan ba: jikansa, Archibald Gracie na uku, haifaffen New York, ya koma Alabama wajen cinikin auduga, ya zama janar a rundunar kudu da ta yi yaƙi don bauta ta ɗore, aka kashe shi a Disamba 1864 a bakin daga a Petersburg, garin da kakansa ya tara arzikin taba.

Idan aka zagaya da baƙo gidan, sunayen da suka fi saurin fitowa su ne na waɗanda suka ci liyafa: Hamilton, da John Quincy Adams, da Louis-Philippe wanda daga baya ya zama sarkin Faransa. Za a nuna masa murhun jin ɗumin da aka ɗauko daga gidan Bayard, inda Hamilton ya cika a 1804 bayan Aaron Burr ya harbe shi a fito-na-fito. Duk wannan gaskiya ne, yana da daɗin ji kuma. Sai dai liyafa ba ta dafa kanta. Akwai wanda ya faskara itace, da wadda ta tsaya a gaban wuta tun asuba, da wanda ya riƙe linzamin doki a waje har baƙi suka gama hira.

Arzikin Gracie ya tafi ta hanyar da ya zo, wato ta ruwa. Yaƙe-yaƙen Napoleon sun sa an ƙwace masa jirage, takunkumin hana fitar da kaya na 1807 ya tsayar da ciniki, yaƙin 1812 ya ƙarasa abin da ya rage. A 1823 gidan ya koma hannun Joseph Foulke, a 1857 ya koma na Noah Wheaton, a 1896 birni ya karɓe shi, bashin haraji ya taru a kansa, aka haɗe filin da lambun shaƙatawar da yanzu ake kira Carl Schurz.

Abin da ya biyo baya shi ne babin da na fi so, ko da yake masu rubuta ƙasidun yawon buɗe ido da sauri suke wuce shi, kamar abin kunya. Gidan da sarkin Faransa na gobe ya ci abinci a ciki ya zama ban-ɗakin jama'a, da shagon sayar da askirim, da wurin ajiye tarkacen ma'aikatan lambu. Unguwar Yorkville a lokacin cike take da baƙin haure, Jamusawa da 'yan Hungary da Czech da Irish, ma'aikatan masana'antun giya da na sigari. 'Ya'yansu suna shiga suna fita ba mai tambayar su takarda. Ranka ya daɗe, a duk tsawon rayuwar gidan nan ban ga lokacin da talakan New York ya mallake shi da gaske kamar waɗannan shekaru ba. Fenti ya ɓare, katako ya fara ruɓewa, amma ƙofa a buɗe take. Daga baya Gidan Tarihin Birnin New York, wanda aka kafa a 1923, ya fara zama a ciki kafin ya koma gininsa na Fifth Avenue a 1932.

Sai zamanin mutumin da kai kanka ka sha yabawa, Magajin Gari Fiorello La Guardia. Yana zaune a gidan haya a East Harlem, kuma ba ya son barin sa. An yi masa tayin katafaren gidan attajirin ƙarfe Charles Schwab mai ɗaki 75 a Riverside Drive, ya mayar da abin wasa, ya ƙi. Robert Moses, kwamishinan wuraren shaƙatawa, wanda ba a san shi da sakin abin da ya sa a gaba ba, shi ya dage a kan gidan Gracie. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu sai hujjar tsaro ta yi nauyi, La Guardia ya tare a watan Mayu na 1942. Ka ga dalilinka da nasa ɗaya ne, kuma ba wanda ya ce tarewar ta raba shi da talakawa. Aikinsa aka duba.

Tun daga nan gidan yake fama da tambaya ɗaya: na iyali ne ko na jama'a? Susan Wagner, matar Magajin Gari Robert Wagner, ta gaji da baƙin da ke leƙa mata ɗakuna suna tafiya da ƙananan kaya a aljihu don tunawa, ta nemi a gina sashen taro daban. Ta rasu a 1964 ba ta ga an gama ba, aka buɗe sashen a 1966 da sunanta. Magajin Gari Ed Koch ya kafa gidauniyar kula da gidan, Gracie Mansion Conservancy, a 1981, aka yi babban gyara. Michael Bloomberg ya sake gyara shi a 2002 da kuɗin masu bayar da gudummawa, kimanin dala miliyan 7, ya kira shi gidan jama'a, ya yi shekara 12 a mulki bai tare ba, har yana cewa bai kamata wani magajin gari ya zauna a ciki ba. Magana ce mai sauƙi a bakin wanda ke da nasa gidan a titi na 79, tafiyar 'yan mintoci. Duk da haka a ba shi haƙƙinsa: a zamaninsa baƙi sun shiga gidan sosai, kuma a wajen buɗa-bakin azumi da ya shirya a can a Agusta 2010 ya tsaya ya kare 'yancin Musulmi na gina cibiyarsu kusa da inda aka kai harin 11 ga Satumba, lokacin da faɗin haka yake da tsada a siyasa. Bill de Blasio ya tare a 2014, ya ƙara tsawon shinge, jaridu suka yi masa ca. Eric Adams kuwa cewa ya yi akwai fatalwa a gidan. Jama'a sun yi dariya, ni dai na ce a raina, in ma akwai, mun san ko su wane ne, kuma ba tsoratarwa suka zo yi ba, sunansu suke nema.

Akwai daren da mu 'yan Afirka ba ma mantawa. A watan Yuni na 1990, wata 4 bayan fitowarsa daga ɗaurin shekara 27, Nelson Mandela ya sauka a gidan nan a matsayin baƙon David Dinkins, baƙar fata na farko da ya riƙe birnin. Ya yi jawabi a Harlem, ya yi a filin wasa na Yankee a nan Bronx, ya koma ya kwana a gidan da bayi suka taɓa yi wa hidima. Shekara ɗaya bayan haka, a 1991, shekarar da aka haife ka a Kampala, masu haƙa harsashin ginin gwamnatin tarayya a lamba 290 Broadway suka ci karo da maƙabartar 'yan Afirka. An tono gawa 419 daga wurin da aka ƙiyasta an binne mutum kusan 15,000. Sai da baƙaƙen fatar garin suka tashi tsaye, Dinkins ya mara musu baya, kafin aka dakatar da aikin. An kai ƙasusuwan Jami'ar Howard aka bincika, aka sake binne su a 2003 cikin akwatunan da aka sassaƙa a Gana. Kasuwar bayi ta Wall Street, wadda aka buɗe a 1711, ba ta samu allon da ke nuna wurinta ba sai 2015. Garin nan yana tuna irin wannan tarihi, amma sai an matsa masa, kuma a makare.

Ga buƙatata ta farko. A 2015 Chirlane McCray, matar de Blasio, ta sa aka kawo hotuna da takardu na baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasa da baƙin haure na zamanin Gracie aka baje a ɗakunan gidan. Aiki ne mai kyau. Amma nuni ne na wani lokaci, wasu nune-nunen suka biyo baya suka maye gurbinsa. Wannan ita ce matsalar: labarin da bangon gidan ke bayarwa yana canzawa duk lokacin da sabon ɗan haya ya shigo da kayansa. Wanda zai gaje ka yana iya zama mutumin da wannan babi bai dame shi ba. Don haka ina roƙon ka keɓe wuri na dindindin a hawan ƙasa, ɗaki guda ko bango guda, a rubuta sunayen waɗanda aka bautar a gidan kamar yadda suke a takardun 'yantarwa, da bayanin inda dukiyar taba da auduga ta fito, da dokar 1799 da sharuɗɗanta. A nemi masanan Cibiyar Schomburg ta Harlem, mai binciken tarihin baƙaƙen fata, da na Gidan Tarihin Birni su yi binciken, kada a bar shi a hannun masu rubuta jawabin siyasa. Sannan a sa shi cikin yarjejeniyar da ke tsakanin birni da gidauniyar, yadda cire shi zai buƙaci a fito fili a faɗi dalili. Ba ina neman a sauya wa gidan suna ba, ko a zagi Gracie. A faɗi cewa ya 'yanta bayinsa, a faɗi cewa sai da ya mallake su tukuna.

Ta biyu, ƙofa. A ƙasarmu gidan mai unguwa yana da zaure. Cikin gida na iyali ne, ba mai ƙetarawa, amma zaure na duk wanda ya yi sallama ne, ba a tambayar sa wa ya aiko shi. Sashen Susan Wagner don wannan aka gina shi, bene kuma naka ne da iyalinka, ba mu da haƙƙin leƙawa. Sai dai ziyarar da ake shirya wa jama'a ƙalilan ce, sai an yi rajista ta intanet, kuma wanda ya fi cin moriyarta shi ne ɗan yawon buɗe ido da mai hutun ritaya. Direban da ya kwana yana aiki, da matar da ke jinyar tsohuwa daga safe zuwa dare, ba su da wannan sarari. A ware ranar Lahadi ɗaya a wata, kyauta, har zuwa bayan la'asar. Daga Bronx jirgin ƙasa mai lamba 4 yana sauke mutum a titi na 86, bas ta ƙarasa da shi gabas. Nisan ba wani abu ba ne. Abin da ke hana mutanenmu zuwa shi ne ba wanda ya taɓa ce musu wurin nasu ne. A haɗa da makarantun gwamnati na Bronx da Harlem da gabashin Brooklyn, a riƙa kawo yara aji-aji, su tsaya a barandar su ga abin da magajin gari ke gani da safe.

Abin da ake gani daga barandar nan ma darasi ne. Tsallaken ruwa ga Astoria, unguwar da ka baro. Ta arewa ga gadar Triborough da tsibirin Randall, inda daga Agusta 2023 zuwa farkon 2025 aka kafa tantunan da suka ɗauki masu neman mafaka har kusan 3,000 a lokaci guda, da yawansu samari ne daga Senigal da Gini da Muritaniya. Sun yi sanyi biyu a cikin tanti, kusa da gidan da za ka riƙa kwana. A watan Afrilu na 2024 sama da mutum 1,000 daga cikin baƙin haure 'yan Afirka suka taru a harabar majalisar birni ranar da ake sauraron kokensu, kuma ɗaya daga cikin manyan koke-koken shi ne harshe. Doka ta 30 ta 2017 ta wajabta wa ma'aikatun birni fassara muhimman takardu zuwa harsuna 10. Akwai Faransanci, akwai Larabci, amma babu Wolof, babu Fulatanci, babu Mandinka ko Soninke, babu Twi, babu Hausa. Ana ɗauka duk ɗan Afirka ta Yamma yana jin Faransanci ko Ingilishi, alhali dattijuwar da ta zo renon jikoki daga Tawa ko Tamale ba ta jin ko ɗaya. Wannan wasiƙa ma sai ka nemi wanda zai karanta maka ita. A daren da ka ci zaɓe ka ambaci direbobin tasi 'yan Senigal a jawabinka, mun ji, mun kuma tuna cewa a 2021 ka yi kwana 15 kana yajin cin abinci tare da direbobi kan bashin lasisin tasi. Saboda haka nake ganin ba zai yi maka nauyi ba ka sa a naɗi bayanin tarihin gidan da muryoyin mutanenmu, a harsunanmu, mai ziyara ya saurara a wayarsa. Kuɗin da zai ci bai kai na liyafa ɗaya ba.

Akwai kuma batun kuɗin gyara. Gidan katako mai shekara sama da 220 a bakin ruwan gishiri kullum yana neman hannu, kuma tun zamanin Koch wani kaso mai yawa na wannan hidima daga aljihun masu bayar da gudummawa yake fitowa. Ba na zargin kowa. Amma a garin da masu gine-gine da masu gidajen haya ke da buƙata a wurin magajin gari kowace rana, ya kamata mai gida ya san wanda ya biya kuɗin rufin da ɗan hayarsa ke kwana a ƙarƙashinsa. A riƙa wallafa sunayen masu bayarwa da adadin abin da suka bayar duk shekara, a wuri mai sauƙin samu, da harshen da ba sai lauya ya fassara ba.

Idan ofishinka ya amince da maganar naɗar muryoyi, ba sai an yi kwangila da wani kamfani ba. A masallatanmu da ƙungiyoyinmu na Bronx akwai malaman makaranta da ɗaliban jami'a da tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka iya Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Twi, kuma za su yi aikin da murna. A aiko da wakili ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zai same mu.

Allah ya yi maka jagora, ya kare ka da iyalinka. Wassalam.

Naka,
Wani dattijo daga cikin Hausawan Bronx